Babi na Biyar: Birnin da Ba a Cewa Albarka

Kwanana biyu a Niyok na shiga wani kanti sayen agogo. Ba nawa ba ne, na surukina ne, shi ne na farko a jerin tsarabar da aka cika mini waya da ita tun ban ɗaure kaya ba. An rataya wa agogon 'yar takarda, dala 100 cif. Na juya shi, na kara a kunne yadda na ga iyayenmu suna yi, sannan na dubi yarinyar da ke tsaron wurin na ce nawa za ta bar mini. Ta yi murmushi, ta nuna mini takardar. Na ce na gani, gaskiyarsa nake tambaya. Ta sake nuna takardar. Sai ɗan yayata da ya rako ni, wanda ya shekara tara yana jan tasi a garin, ya ja mini hannun riga ya ce a hankali, "Kawu, nan fa ba a tayi."

Na haƙura, na zaro ɗari na miƙa. Na'ura ta yi 'yar ƙara, allo ya nuna 108.88. Ashe ba ragi kaɗai na rasa ba, har ƙari ke jirana. A Amurka abin da aka rubuta a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka zo wurin biya ake ɗora haraji, kuma kusan kowace jiha da nata, wani lokaci ma kowane gari da nasa. Na birnin Niyok kashi 8.875 ne cikin ɗari. Sauƙi ɗaya mai tsaraba zai riƙe: tufafi da takalma, muddin guda ɗaya bai kai dala 110 ba, ba a ɗora masa komai. Wanda kuma ya saba da Faransa ko Dubai, kada ya tara rasit yana jiran a maido masa da harajinsa a filin jirgi. Nan abin da ya shiga ya shiga.

Abin ya tsaya mini a rai, ba don dala tara ba. A wurinmu ciniki magana ce. Mai kaya ya yanka, ka taya, ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka, a tambayi iyali, a ɗan yi rantsuwa, ya sallama, ka nemi gyara. Ko ba a daidaita ba an san juna. To ga ni a garin da ban taɓa ganin wanda ya kai shi zama kasuwa ba, amma an ɗinke wa kasuwar baki. Sauran kwanakin da na yi, duk inda aka kai ni kallo, ido na kallo amma kunne na neman abu guda: ina masu tayi suka shiga?

Tun asali kasuwa ce. Ba sarki ne ya kafa garin ba, ba kuma malami ba, kamfanin fataken Holan ne masu neman fatun wata dabbar ruwa da Turawa ke hula da gashinta. A 1626 wakilinsu Peter Minuit ya ba 'yan ƙasa kayan da aka ƙiyasta a gilda 60 na kuɗin Holan, ya ce ya sayi tsibirin Manhatan. Ko masu ƙasar sun san sayarwa suka yi, ko kuwa sun ɗauka goron baƙunta ne don a zauna tare, har yau ana muhawara. Turawan Ingila suka karɓe garin a 1664, suka raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu. Wall Street ɗin da ake ambata a labarun tattalin arziki kullum, ma'anar sunansa layin ganuwa, domin a nan aka kafa katangar katako a 1653 don tsaron gari. Layi ne matsattse, rana ma da ƙyar take leƙa shi.

A ƙarshen wannan layin, bakin kogi, hukumar gari ta tsayar da kasuwar bayi a 1711. Masu zagayawa da baƙi ba su cika daɗewa a kan wannan ba. Ba a gama 'yanta bayi a jihar ba sai 1827. A 1991 ana tonon harsashin wani ginin gwamnati, tafiyar 'yan mintoci daga nan, ma'aikata suka ci karo da ƙasusuwa. Aka tono mutum 419, maza da mata da yara da yawa, wasu da duwatsun ado a ƙugu irin na gida. Maƙabartar 'yan Afirka ce da aka binne ƙarƙashin benaye aka manta, ana kuma ƙiyasin waɗanda ke kwance a wurin sun kai 15,000. An mayar da su makwancinsu, gwamnati ta ayyana wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 2006, shiga kuma kyauta ce. Ranar da muka je ba mu kai mu goma ba. Na tsaya na yi musu addu'a, don ban san ko akwai ɗan garinmu a ciki ba.

Da muka gangara kudu kaɗan sai ga layin mutane kamar ana rabon taki. Ashe bijimi ake jira. Wani maƙeri ɗan asalin Italiya, Arturo Di Modica, ya zuba shi da tagulla, ya fi tan uku nauyi, ya kawo shi cikin dare a watan Disamba na 1989 ya sauke ba tare da izinin kowa ba. 'Yan sanda suka ɗauke, jama'a suka yi ca, aka samar masa matsuguni. Yau layi biyu ake yi, ɗaya ta wajen kai, ɗaya ta baya, kowa na shafawa wai don kuɗi su zo. Inda 'yan layin baya ke shafawa kuwa, mai kunya sai ya kau da kai.

Garin ba shi da wuyar sani. A 1811 aka shata Manhatan kamar gidan dara: manyan tituna sun miƙe kudu da arewa, layuka sun ratsa su gabas da yamma, kowanne da lambarsa. Masu tsarin ba su ɓoye dalilinsu ba, sun ce gida mai kusurwa huɗu ya fi arahar gini. Wanda ya taɓa ɓata a lungunan cikin birnin Kano ko Zariya zai ga gata. In an ce maka mahaɗar Titi na Biyar da Layi na 34, ƙidaya kawai za ka yi ka isa. Can kudu ne kaɗai, tsohon garin mutanen Holan, lungu ke nan yadda muka san shi. A ƙarƙashin ƙasa kuma jirgi na gudu tun 1904, tasha 472, dare da rana, kuɗi ɗaya kusa ko nesa, wajen dala uku. Kati ko waya za ka kara, ƙarfe ya juya ka wuce. Babu kwandasta balle ka ce masa ɗalibi ne kai.

Mutum-mutumin 'Yanci shi ne abin da kowa zai tambaye ka in ka koma gida, don haka dole a je. Kana fitowa daga tasha a ƙarshen tsibirin 'yan kamasho za su yi maka caa, kowa da tikiti a hannu, kowa na cewa jirginsa ne na gaskiya. Raina ya ɗan yi fari, na ce yau ga 'yan'uwa. Yaron ya ce, "Kawu, kada ka tsaya, kada ma ka haɗa ido da su." Ya ja ni muka shiga wani ƙaton jirgin fito mai ruwan lemo, wanda ke kai ma'aikata tsibirin Staten ya dawo da su. Tun 1997 ba a biyan ko sisi. Tafiyar minti 25 ce, kuma ta gaban mutum-mutumin yake wucewa. 'Yan gari na zaune ciki suna danna waya, ko ɗaga kai ba sa yi, mu baƙi mun cika baranda iska na neman cire mana hula. Ga benayen Manhatan suna ja da baya har suka taru wuri ɗaya kamar an dasa su a ruwa. A duk abin da na gani a Niyok babu wanda ya kai wannan fiton, kuma shi ne wanda ban biya ba.

Siffar mace ce, kyautar mutanen Faransa, aikin Frédéric Bartholdi, ƙarafan da suka riƙe ta daga ciki kuma aikin Gustave Eiffel ne, mai hasumiyar nan ta Faris. An kawo ta gunduwa-gunduwa cikin akwatuna 214, aka buɗe ta ranar 28 ga Oktoba, 1886. Daga ƙasa zuwa bakin fitilar mita 93 ne. Jan ƙarfe ce, kaurinsa bai kai milimita uku ba, iskar teku ce ta mai da ita koriya. Faransawa sun ba da mutum-mutumi amma kuɗin dakalin da zai hau ya gagara, sai da mai jarida Joseph Pulitzer ya buɗe karo-karo, mutum wajen 120,000 suka sa hannu, akasarinsu da abin da bai kai dala ɗaya ba. Akwai tsinkakkiyar sarƙa a ƙafarta, domin wanda ya fara kawo shawarar, Édouard de Laboulaye, ɗan gwagwarmayar hana bauta ne. Daga jirgi ba a ganin sarƙar, daga ƙasa ma da wuya. Wanda yake son ya taka tsibirin da take tsaye a kai da ƙafarsa, ya kuma leƙa tsibirin Ellis inda baƙin haure wajen miliyan 12 suka shigo tsakanin 1892 da 1954, sai ya sayi tikiti tun da wuri ya ware yini guda.

Gadar Buruklin ma kyauta ce, ana taka ta da ƙafa a kan katako, motoci na wucewa ta ƙasa. An buɗe ta a 1883, mutane na tsoron za ta rufta, har sai da mai wasan dabbobi P. T. Barnum ya ƙetare ta da giwaye 21 a shekarar da ta biyo. Yaron ya ce da can 'yan tebur sun cika ta makil, hula da tabarau da maƙalin makulli, aka tashe su a farkon 2024. Na zo a makare ke nan.

Sannu a hankali na gano wata ƙa'ida: duk abin kallon da ka biya ka shiga, ƙofar fitarsa ta cikin kanti take. Ka hau benen Empire State, hawa 102, wanda aka gama cikin kwana 410 aka buɗe a 1931, ka biya sama da dala 40 ka tsaya a hawa na 86 ka ga motoci kamar tururuwa. In ka sauko ba za ka ga titi ba sai ka ratsa tsakanin kofuna da riguna da ƙananan benaye na roba. Ba sabon abu ba ne. An buɗe ginin ne cikin tsananin karayar arziki, ofisoshi suka zauna ba masu haya, masu hawa kallo ne suka riƙe shi, har abin da suka kawo a shekarar farko ya yi kusan daidai da kuɗin haya. Tambarin nan mai jar zuciya da ke jikin kowace riga, Milton Glaser ne ya zana shi bai karɓi ko kwabo ba, lokacin da garin ke fama da bashi da mugun suna, ana lallashin baƙi su dawo. Na juya ƙasan wani kofi na ga inda aka yi shi: ƙasar Sin. Wato in na saya, kofin ya zagaya duniya ke nan kafin ya isa inda ɗan'uwansa ke jiransa a kasuwar Sabon Gari da kwatan kuɗin.

Dandalin Times kuwa, a je sau ɗaya da dare don a ce an je. Daga jaridar New York Times ya samo suna a 1904. Hasken allunan talla ya mai da dare rana, kuma ba son ran masu gini ba ne kawai, dokar gari ce ta wajabta wa gine-ginen wurin ɗaura alluna masu haske. Ka tsaya ka yi tunani: mutum ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ya zo kallon talla. Wasu sun yi shigar dodannin fim suna ta rungumar yara, ana ɗaukar hoto sai hannu ya miƙo. Ba abin saye a wurin da ba za ka samu da sauƙi layi biyar gaba ba. Kallon kitse ake yi wa rogo.

To wa ya kashe tayi? Da na bincika sai na tarar a wannan garin aka yi masa babbar illa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 Ba'amurke ma tayawa yake yi kamar kowa. Wani ɗan Ayalan, Alexander Stewart, ya gina ƙaton kanti na farin dutse a titin Broadway a 1846, da ƙa'idar farashi ɗaya ga kowa. A 1858 Rowland Macy, wanda ya karye a kantuna da dama kafin nan, ya buɗe nasa a kan ƙa'idar kuɗi hannu, farashi a bayyane. Shi ɗan gidan mabiya ɗarikar Quaker ne, su kuwa a wurinsu ka sayar wa wannan da tsada ka sayar wa wancan da araha rashin gaskiya ne. Amma akwai dalilin da ya fi wa'azi ƙarfi. Tayi sai da mai kaya, wanda ya san uwar kuɗinsa, ya san inda zai tsaya. In kanti ya girma har ka ɗauki yara ɗari biyar, ba za ka bar wa kowannensu wuƙa da nama ba. Sai ka rubuta a takarda, ka ce ga iyaka. Yarinyar da ta yi ta nuna mini takarda ba rowa take yi ba, ba ta da ikon rage ko sisi.

Kantin Macy's ya koma Layi na 34 a 1902, ya cinye kusan unguwa guda. Ko ba ka sayen komai ka hau can sama, akwai matakala masu tafiya da kansu na katako tun farkon ƙarnin jiya, suna ƙara kamar tsohon injin niƙa, har yau suna aiki. Titi na Biyar kuma, daga wajen Layi na 49 zuwa na 59, inda su Saks da Tiffany suke, na masu hannu da shuni ne. Mu namu kallon gilashi. A can za ka ga jaka ɗaya tal a taga, an haska ta kamar amarya, ba a ma rubuta kuɗinta ba. Mai tambaya ba mai saye ba ne.

Sai daga baya na fahimci ragi bai mutu ba, hannu ya sauya. An karɓe shi daga baki an ba kalanda. Rigar da ke dala 80 yau, in sanyi ya wuce za ka same ta a 30 a can ƙuryar kanti, an manna mata jar takarda. Babbar ranar ita ce kashegarin bikin godiyarsu, wanda ake yi Alhamis ta huɗu ga Nuwamba. Suna kiranta Baƙar Juma'a, sunan da bai yi mini daɗi a baki ba, amma ranar ce ake zubar da farashi mutane su yi sammako kamar masu zuwa Idi. Haka ma bayan Kirsimeti. Akwai kuma garuruwan kantuna a bayan gari inda kamfanoni ke sayar da kwantai da kayan da aka yi don can. Wanda aka fi sani shi ne Woodbury Common, tafiyar kamar awa guda arewa da birni, shago sama da 200, bas na tashi kullum. A can na ga ikon Allah: mutane daga kowace nahiya suna jan akwatuna wayam da safe, da yamma suna zama a kansu don zif ya rufu. Na ji Yarbanci, na ji Larabci, na ji Faransancin Abijan. Ƙetaren kogi kuma, a jihar New Jersey, tufafi ba su da haraji ko nawa ne kuɗinsu. Mai haƙuri da mai ƙafa su ke cin ribar kasuwar Amurka. Mai baki ba shi da rabo.

Abu ɗaya na yaba musu. A wurinmu kaya in ya bar rumfa ya bar ta. A nan yawancin manyan kantuna, in ka riƙe rasit ba ka cire takardar jikin kaya ba, kana iya maidowa cikin kwanakin da suka ɗiba a ba ka kuɗinka ba tare da an haɗa ka da Allah ba. Na mayar da takalmin da na ga ya yi wa ƙanwata kaɗan, na shirya dogon bayani, ba wanda ya nemi ji.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na ce a kai ni B&H, kantin kyamara da kwamfuta da ke Titi na Tara, don akwai mai jiran kyamara a jerina. Yaron ya dubi agogo ya yi dariya. Masu kantin Yahudawa ne masu riƙo da addini, suna rufewa tun da rana ran Juma'a, Asabar kuma ba a buɗewa sam, ko ta intanet ba sa karɓar ciniki sai ranar hutunsu ta fita. A tsakiyar garin da ba ya barci, ga masu juya miliyoyi sun ja ƙofa saboda ibada. Na tuna yadda kasuwa ke yin tsit a gida in liman ya hau mumbari. Da muka koma Lahadi na ga wani abin: ka zaɓi kaya a nan, a jefa shi cikin kwando, kwandon ya bi wata hanya ta saman kanka ya riga ka isa wurin biya. Sai dai mai sayen kayan wuta ya yi hattara. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Caja da kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, amma dutsen guga ko injin markaɗe, kana sa shi a soket a gida sai hayaƙi. Waya ma a tambaya ko a buɗe take, kuma sababbin iPhone da aka fitar a Amurka tun daga ƙarshen 2022 ba su da ramin saka sim.

Ciki kuwa ba ya wahala. Kusan kowace kusurwa akwai amalanken abinci da aka rubuta wa halal, shinkafa da kaza da farin miya a kai. Misirawa ne suka yi fice da sana'ar tun wajen 1990, don direbobin tasi Musulmi da ke neman abin da za su ci cikin dare, yau kuwa masu kwat ma layi suke bi. In ka zauna a gidan abinci aka kawo maka har tebur, to ka shirya tukuici, kashi 18 zuwa 20 na kuɗin abincin, kuma ba ganin dama ba ne, da shi ma'aikacin ke rayuwa. Ka ga gyara ta juya: a nan mai saye ke bayarwa.

Na fara jin ƙanshin gida a Layin Canal, unguwar Sinawa. Ga haja shimfiɗe a kan zane a gefen titi, jakunkuna da agoguna da tabarau masu manyan sunaye, yawancin masu sayarwar samarin Afirka ta Yamma ne, 'yan Senegal sun fi yawa. Jakar da na gani an haska a taga, ga 'yar'uwarta nan a ƙasa dala 60, ka ce 25 a ce kawo 35. Jabu ce, mai sayarwa ya sani, mai saye ya sani, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai cinikin ba daɗi. Mai kaya na magana da kai idonsa na kan titi, kusurwoyin zanen na kusa da hannunsa. Ina tsaye wani ya yi fito, kafin in ƙifta ido an tattare zannuwa an saɓa a kafaɗa, titi ya koma wayam kamar an share. Tayi ne na mai gudu, babu gaisuwa a cikinsa. A Layi na 47 ma, unguwar masu lu'ulu'u da gwal, ana tayawa sosai, har dillalan na ƙulla cinikin dubban daloli da musafaha kawai, amma wannan ruwan ba na baƙon kwana goma ba ne.

Ana gobe zan tashi yaron ya ce, "Kawu, yau zan kai ka inda za ka huce." Muka hau jirgi muka yi arewa, muka wuce Central Park, muka fito a Harlem, Layi na 116. Tun daga bakin tasha iska ta canza. Ga turaren wuta, ga mata da ɗaurin ɗankwali, ga shagunan da ke sayar da manja da busasshen kifi da garin rogo, ga masallaci mai koriyar ƙubba da ke ɗauke da sunan Malcolm Shabazz, wato Malcolm X. Ana ce wa yankin Ƙaramar Senegal, amma ba su kaɗai ba ne. Tun shekarun 1980 fatake daga Nijar da Mali da Gini da Gambiya suke zuwa, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa, suka kafa tebura a Layi na 125 kusa da gidan wasan Apollo. Da fim ɗin Malcolm X ya fito a 1992 sun yi cinikin huluna masu alamar X kamar ba gobe. Masu kantuna suka yi ƙorafi, a watan Oktoba na 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe su. Aka ba su fili a Layi na 116 ƙarƙashin kulawar masallacin, kowa da rumfarsa, kowa na biyan haya. Masu yawon buɗe ido ba su bi su can da yawa kamar da ba, wasu suka bar sana'ar, wasu suka daure.

Kasuwar ba ta da girma, ko layi ɗaya na Kantin Kwari ya fi ta. Atamfa, man kaɗe, baƙin sabulu, ganguna, duwatsun wuya, kayan fata. A wata rumfa na ga dattijo da farin gemu, ya sa rigar sanyi a kan kaftani, carbi a hannu, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Na yi sallama. Ya amsa, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Bahaushe na? Daga ina aka hito?"

Na faɗa masa. Ya ce shi mutumin Maraɗi ne, yana cikin waɗanda aka tasa daga Layi na 125. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina, ya tambayi nawa ake sai da buhun gero yanzu, da na faɗa ya riƙe baki. Ya ture wani kwali da ƙafa ya jawo mini kujera. Idona ya sauka kan wata jakar fata ja, mai tuntaye da ɗinkin kore, aikin dukawa sak.

"Alhaji, wannan fa?"

"Dala arba'in. Don kai na."

Na juya ta, na shinshina, na ja bakin zaren kamar mai neman aibu. "Sha biyar."

Ya karɓe ta daga hannuna a hankali, ya kaɗe ƙurar da babu, ya mayar da ita mazauninta.

"Albarka."

Ban san lokacin da na yi dariya ba, har ya tsaya yana kallona. Ya aiki wani yaro ya kawo shayi. Na ƙara biyu, ya rage biyar, ya ce in ji tsoron Allah, kuɗin jirginta kaɗai ya fi haka. Na miƙe na kai bakin rumfa, ya ce haba malam, dawo mana, ai ba a haka da ɗan'uwa. Shayi ya huce, aka sake zubawa. Sai wajen la'asar ya sallama a ashirin da biyar.

Yaron ya matso kusa da kunnena. "Kawu, wannan fa daga gida aka kawo ta. Kuma akwatinka ya riga ya kai kilo 23."

Na ce na sani. Na ƙirga kuɗin na miƙa, ba a ɗora ko sisi a kai ba. Dattijon ya naɗe jakar a takarda, sannan na tsaya ban tafi ba, ina kallonsa. Ya gane. Ya sa hannu a aljihun kaftani ta ƙarƙashin rigar sanyi, ya laluba, ya fito da goro guda, fari, ya ɗora mini a kai.